Tambaya da Amsa: Me Ke Sa Sauti Karkarwa?

Saƙonnin da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan, daga karkarar Kano da ta Jigawa, sun haɗu a kan magana guda ba tare da masu su sun san juna ba, wato karkarwar sauti, ko a kayan kiɗa, ko a inji, ko a muryar ɗan Adam. Don haka muka ga ya dace mu tattara su wuri ɗaya. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, wani tsohon ɗalibina ya tura mini bidiyo a waya, na wani abin kiɗa mai girman gaske a cikin coci a ƙasar Turai, wanda bututansa suka kai kusan rufin ginin, mutum guda kuma yana zaune yana danna shi da hannu da ƙafa. Da farko sautin yana fita a miƙe, sai mutumin ya jawo wani maɓalli, nan take sautin ya soma karkarwa. Shin lalacewa ce, ko da gangan ake yi? In da gangan ne, yaya ƙarfe da katako za su yi karkarwa? (Daga wani malamin firamare a karkarar Ringim.)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Da gangan ake yi, kuma akwai na'ura ta musamman a cikinsa da aka ƙera don wannan aiki kaɗai. Abin kiɗan da ka gani shi ne ogan mai bututu, kuma sai an fahimci yadda iska ke tafiya a cikinsa kafin a gane dalilin da ya sa maƙeransa suka ga akwai buƙatar karkarwar.

Asalin ogan daga nahiyarmu yake, domin a birnin Iskandariyya na Masar ne wani injiniya Bagirke mai suna Kitesibiyus ya ƙera na farko a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana amfani da nauyin ruwa wajen daidaita iskar. A shekarar 757 Sarkin Rumawa na Ƙustantiniyya ya aika wa Sarki Pepin na Faransawa kyautar ogan, daga baya kuma abin ya zauna a coci-cocin Turai. Kowane bututu a cikinsa sauti ɗaya tak yake fitarwa, ba ya iya sauya shi, shi ya sa ake buƙatar ɗaruruwa ko dubbai. Wanda ke babban zauren taro na Atlantic City a Amurka yana da bututu fiye da 33,000. Ana yin wasu da katako, wasu da haɗin kuza da dalma. Tsawon bututu shi ke yanke kauri ko sirantar sauti: mai ƙafa 8 yana kaɗa iska kusan sau 65 a sakan guda, mai ƙafa 32 kuwa kusan sau 16 kawai, wanda mutum ya fi jinsa a ƙirji da ƙasan ɗaki a kan jinsa da kunne, alhali mafi ƙanƙanta ba su kai fensir ba. Galibin bututan suna da ɗan baki a gefe inda iska ke tsagewa ta yi sauti, wasu kuma suna da siririn harshe na tagulla a ciki wanda ke kaɗawa idan iska ta buge shi.

A da, ƙarti ne ke tsayawa a bayan ogan suna zuga manyan zugazugai da hannu ko da ƙafa, yanzu kuwa fankar lantarki ce ke wannan aiki. Sai dai ba a barin iskar ta wuce kai tsaye zuwa bututai, domin da an yi haka da kowane motsi na mai zuga ya bayyana a cikin sautin. Tana fara shiga wata ma'ajiya, akwati mai bangon fata da ke kumbura, wanda aka ɗora wa nauyi ko sifirin a sama domin ya riƙa matse iskar da ƙarfi iri ɗaya a kowane lokaci. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita a ƙofar fada ranar hawan sallah ya ga irin wannan hikima: kumatunsa na cike da iska yana matso ta a hankali, yana kuma shaƙar sabuwa ta hanci, har sautin ya yi ta tafiya ba yankewa. Ma'ajiyar ogan aikin kumatun nan take yi. Daga gare ta iska ke bin wata babbar hanya zuwa akwatin da bututai ke tsaye a kai, idan makaɗi ya danna madanni sai wani ɗan marfi ya buɗe a ƙarƙashin bututu, iska ta shiga.

To, a nan matsalar ta taso. Maƙeran sun yi nasara wajen daidaita iska har sautin ya zama a miƙe ƙyam, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kuma ko makaɗi ya danna da ƙarfi ko a hankali, abin da bututu zai fitar ɗaya ne. Wannan yana da kyau idan ana son sauti mai cika gini da kwarjini. Amma idan ana son waƙa mai taushi, wadda za ta yi kama da muryar mai rai, sai a ji ta bushe, domin babu wani mahaluƙi mai numfashi da yake riƙe sauti ba tare da ɗan motsi a cikinsa ba. Saboda haka tun a ƙarni na 16 suka ƙara wata na'ura, wadda Turawa ke kira tiremulan, wadda aikinta shi ne ta dagula iskar da aka sha wahalar daidaitawa, amma bisa ƙa'ida da ma'auni.

Wani maƙerin ogan Bafaranshe, Dom Bedos, wanda rubutunsa kan wannan sana'a ya fito tsakanin 1766 da 1778, ya bayyana iri biyu da ake amfani da su a zamaninsa. Na farko mai taushi ne: wani marfi ne a cikin hanyar iskar, an maƙala masa sifirin mai ɗan nauyi a bakinsa, idan iska ta tura shi ya buɗe sai nauyin ya dawo da shi, ta sake tura shi ya sake dawowa, ya yi ta lilo. Na biyu mai ƙarfi ne: marfin a jikin bangon hanyar yake, yana buɗewa ya zubar da iska waje, ya rufe, ya sake buɗewa. A na zamani kuma akan ɗora ƙaramin injin lantarki a kan ma'ajiyar, mai juya wani nauyi da aka karkatar gefe guda, ya riƙa jijjiga ta. Kowace hanya aka bi sakamakon ɗaya ne. Idan ƙarfin iska ya ragu, sautin bututu yakan yi ƙasa kaɗan ya kuma ɗan yi kauri, idan ya dawo sai ya ƙara ƙarfi ya ɗan sirance, kuma da yake hakan na faruwa sau da yawa a cikin sakan guda, sai kunne ya ji shi a matsayin karkarwa. Ka ga ke nan ƙarfe da katako suna nan inda suke, iskar ce ke rawa.

Maɓallin da ka ga mutumin ya jawo shi ne ke tayar da wannan na'ura. Gwanayen makaɗa ba sa barinta a kunne kullum. Sukan ajiye ta don layin waƙa guda mai tafiya a hankali, musamman tare da wani jerin bututai masu harshen tagulla da aka ƙera don kwaikwayon muryar mutum, sukan kuma kashe ta idan jama'a za su rera tare ko za a buɗe dukkan bututai, domin karkarwa a sauti mai yawa takan dama shi. Inda aka saɓa wa wannan shi ne gidajen silima na Amurka da Ingila a zamanin fina-finai marasa magana, kafin masu magana su shigo daga 1927. Kamfanin Wurlitzer ya ƙera irin waɗannan ogan fiye da 2,000, kuma a cikinsu karkarwa mai zurfi ce, kusan ba a kashe ta, domin aikinsu shi ne motsa zuciyar 'yan kallo. A nan gida Najeriya ma akwai ogan mai bututu, misali a babban cocin Angilika da ke Marina a Legas, kuma ƙasar nan ta fitar da gwani a wannan fage, Fela Sowande, wanda aka haifa a 1905 ya rasu a 1987, ya kuma yi shekaru yana kaɗa ogan a Landan.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam. Ni manomin rani ne. Idan ni da maƙwabcina muka tayar da injinan ban ruwanmu a lokaci guda, sai in ji ƙarar tana hawa tana sauka, kamar tana numfashi. Na kai nawa wurin bakanike ya ce lafiyarsa ƙalau. Me ke kawo haka? (Daga wani manomi a yankin Kadawa, ƙaramar hukumar Garun Malam.)

AMSA: Malam, mai yiwuwa bakaniken ya faɗa maka gaskiya, kuma za ka iya tabbatarwa da kanka ba tare da ka kashe ko kwabo ba. Ka roƙi maƙwabcinka ya kashe nasa na ɗan lokaci. Idan hawa da saukar ta tsaya, injinka ba shi da laifi, haɗuwar ƙarar biyun ce ta kawo ta. Idan kuwa naka shi kaɗai ya ci gaba da ɗaukar wuta yana saki, to a duba kafireto ko datti ya toshe shi, a duba mai ko ya gauraya da ruwa, a kuma duba tiyon da ke zuƙo ruwa ko yana shan iska.

Ga yadda abin yake. A ce injinka yana bugawa sau 30 a sakan, na maƙwabcinka kuma sau 31. A wani lokaci bugun nasu zai faɗo tare, ƙarar ta ƙaru. Da yake ɗaya ya ɗan fi ɗaya sauri, bayan rabin sakan sai su saɓa, lokacin da ɗaya ke tura iska ɗayan yana janyewa, ƙarar ta ragu, bayan wani rabin sakan kuma su sake haɗuwa. Yawan hawa da saukar da za ka ji a sakan guda daidai yake da bambancin da ke tsakaninsu, a wannan misali sau ɗaya. Ka gwada ƙara wa wanda ya fi sauri a cikinsu wuta a hankali, za ka ji numfashin yana ƙara sauri, ka rage har saurinsu ya zo daidai, za ka ji yana jinkiri har ya ɓace.

Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin abin da ka ji a bakin gonarka shi ne hanya ta biyu da maƙeran ogan ke samar da karkarwa, kuma a ganina ta fi ta farko daɗin ji. Sukan jera bututai biyu ga kowane madanni, a daidaita ɗaya sosai, a ɗan karkatar da ɗayan da gangan. Idan na farko yana kaɗawa sau 440 a sakan, na biyu kuma sau 443, mai sauraro zai ji sauti guda mai lilo sau uku a sakan, a hankali, ba tare da an taɓa iskar ba. Irin wannan jeri ya yaɗu a ogan na Faransa a ƙarni na 19. A tsibirin Bali na Indunusiya ma haka suke ƙera kayan kiɗansu na tagulla bibbiyu, ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya. Masu gyaran kayan kiɗa kuma da wannan lilo suke aiki, sai dai su kashe shi suke nema: suna ɗaure tsarkiya suna saurare, idan lilon ya tsaya cak sun san sautuka biyun sun zama ɗaya.

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. A garinmu ni ake kira in yi guɗa idan ana biki ko suna, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi kiɗan goge. Jikata da ke makarantar sakandare ta ce wai karkarwar da ke cikin guɗa da ta goge duk abu ɗaya ne da abin da Turawa ke koyarwa a makarantun kiɗa. Gaskiya ne? (Daga wata uwa a karkarar Hadeja.)

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya kuma yi wa jikar nan albarka, domin ta kusa da gaskiya sosai. Abin da zan ƙara shi ne karkarwar ba iri ɗaya ba ce, kuma gidanku ya haɗa manyan nau'o'inta.

Nau'i na farko shi ne a maimaita sauti ɗaya da sauri, ko a riƙa yanka shi gunduwa-gunduwa. Guɗa tana cikin wannan. Muryar tana fita siririya a sama, harshe kuma yana kai da komo da sauri yana datse ta yana saki, shi ya sa mai guɗar da ta ƙware ake gane ta da daidaiton bugun harshenta da tsawon numfashinta. Mai goge yana yin irinsa idan ya taƙaita jan bakansa ya riƙa goga shi gaba da baya da sauri a wuri guda, haka ma mai gurmi ko garaya idan ya yi ta bugun tsarkiya ɗaya ba ƙaƙƙautawa domin kada sautin ya mutu. Wannan shi ne abin da makarantun kiɗa ke kira tiremolo. A Turai ana yawan ambaton Monteverdi, wani mai tsara kiɗa ɗan Italiya, wanda a 1624 a birnin Benis ya sa masu kayan tsarkiya su maimaita sauti guda da sauri domin nuna fushi da zafin yaƙi, ya kuma faɗa da kansa daga baya cewa da farko makaɗan sun ɗauki abin abin dariya, suka ƙi yi yadda ya tsara.

Nau'i na biyu shi ne sautin ya riƙa ɗan sirancewa yana ɗan kaurara ba tare da ya yanke ba. Ki tuno hannun hagun mahaifinki. Tsarkiyar goge izgar doki ce da aka ɗaure a kan ƙoƙo mai fatar guza, kuma mai goge ba ya danne ta har ta taɓa sanda, yatsunsa kawai yake ɗorawa a jikinta. Idan ya kai wurin da yake son ya ja sauti, sai ki ga yatsan yana ɗan lilo a wurin, kuma wannan lilo yana rage tsawon ɓangaren tsarkiyar da ke kaɗawa yana ƙara shi, yana kuma sauya taurinta kaɗan. Abin da ke sa a ce goge yana kuka ke nan. Mai kalangu yana samun makamancin haka da hammatarsa, yana matse igiyoyin fata yana saki bayan ya buga. Wannan shi ake kira bibirato, kuma shi ne ke cikin muryar mawaƙi idan ya ja baiti.

Ba na jin akwai wanda ya ara daga wani. Duk inda mutane suka ja sauti mai tsawo sun gano cewa kunne yakan gaji da abin da ba ya motsi, kowace al'umma kuma ta nemo hanyarta. Abin da makarantun suka yi shi ne sun rubuta, sun auna, sun sa wa kowane nau'i alama a takarda. Namu yana hannu da maƙogwaro, kuma idan mai shi ya tafi ba a ɗauka ba, ya tafi da shi. Da jikarki za ta ɗauki guɗarki a waya ta adana, ta kuma nemi sauran masu gogen da suka rage a yankinku, da ta yi aikin da za a gode mata.

TAMBAYA: Yallaɓai, ina da ƙaramin situdiyo, ina buga fiyano ina ɗaukar waƙoƙin biki da na yabo. Akwai wata ƙafa da ake murzawa a gefen hagu na fiyanon mai sa sauti karkarwa, akwai kuma irinta a kwamfuta. Wasu sun ce kiɗana yana yin kamar tsohon kaset idan na sa. Yaya ake amfani da ita daidai? (Daga wani matashi a Wudil.)

AMSA: Ɗan'uwa, masu faɗa maka haka sun yi maka gata, kuma kwatancensu yana kan hanya. Tsohon kaset yana karkarwa ne domin zaren ya miƙe, ko robar da ke jansa ta saki, ko batir ya yi sanyi, sai gudun zaren ya riƙa sauyawa, kuma duk abin da ke kansa, murya da ganga da komai, ya yi rawa tare. Idan ka ɗora karkarwa a kan dukkan kayan kiɗanka daga farkon waƙa har ƙarshe, abin da kunne zai ji ke nan.

Abin da ke cikin fiyanonka gadon ogan ne. A 1935 Laurens Hammond ya fitar da ogan mai aiki da lantarki a Amurka, ba bututu ba iska, kuma nan da nan aka ji sautinsa ya fi na mai bututu bushewa. Wani mai suna Donald Leslie ya magance wannan a farkon shekarun 1940 da wata lasifika ta daban, wadda a cikin akwatinta akwai ƙaho mai juyawa, idan an sa shi a sauri yakan yi kusan juyi 400 a minti. Idan bakin ƙahon ya fuskanto ka sauti ya ƙaru, idan ya juya baya ya ragu. Ƙari a kan haka, yayin da yake tahowa sautin yakan ɗan sirance, yayin da yake komawa ya ɗan kaurara, abin da Christian Doppler ɗan Ostiriya ya bayyana a 1842, wanda kuma kake ji kullum a kan gadar Wudil idan mota ta wuce ka tana hon. Fiyanon yau ba shi da abin da ke juyawa a ciki, lissafi ne kawai ke ɗaga sautin yana sauke shi, kuma galibi abu biyu ake ba ka ka saita, wato sauri da zurfi.

Shawarata ita ce ka ajiye saurin tsakanin sau 5 da 6 a sakan, kusa da abin da muryar mawaƙi ke yi, domin idan ya yi ƙasa sosai sai a ji kamar kiɗan bai daidaita ba, idan kuma ya haura kusan sau 20 kunne ba ya rarrabe shi, sai ya koma gurnani. Zurfin kuma ka rage shi har sai ka fara shakkar ko yana nan, sannan ka ƙara ɗan kaɗan. Ka ɗora shi a kan abu ɗaya, wanda ke ɗauke da layin waƙar, ka bar sauti mai kauri da ganguna a miƙe domin su riƙe ginin. Mafi muhimmanci, kada ka fara sauti da karkarwa. Ka je ka zauna kusa da mai goge ko mai kukuma na gaske ka lura, za ka ga yakan fara sautin a tsaye, sai ya ja shi sannan ya saki yatsa, gajerun sautuka kuwa ba ya taɓa su. Dalilin da ya sa aka yi abin murzawar a inda hannun hagu zai kai gare shi ke nan, domin ka shigo da karkarwar a lokacin da ta dace ka kuma janye ta.

Akwai wani abu da ke damuna game da muryoyi. Manhajar Auto-Tune mai daidaita muryar mawaƙi, wadda ta fito a 1997, idan aka matsa ta sosai takan goge ɗan lilon da ke cikin muryar mawaƙi ta miƙar da ita, daga nan sai mai situdiyo ya ga ta bushe ya ɗora mata na inji. Idan mawaƙin da ya zo maka yana da karkarwarsa ta halitta, ka sassauta manhajar ka bar masa abinsa, domin da ita ake bambanta shi da sauran mawaƙa.

TAMBAYA: Malam, mahaifinmu ya daɗe yana kiran sallah a masallacin ƙauyenmu, kuma an san shi da jan murya mai daɗi. Yanzu muryarsa tana rawa ko da magana yake yi, hannunsa ma yana rawa idan ya ɗauki kofi. Wasu sun ce tsufa ne kawai. Shin irin karkarwar da yake yi da ce ta ƙaru? (Daga wata baiwar Allah a karkarar Gwaram.)

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka masa da alheri. Wannan daban ne da wancan, kuma ina roƙonku kada ku tsaya a kan cewa tsufa ne. Karkarwar da mai jan murya ke yi, wadda takan kai sau 5 zuwa 7 a sakan, tana zuwa ne idan numfashi ya wadata kuma maƙogwaro ya saki, mai ita yana iya kawo ta yana iya tsayar da ita. Wadda kika bayyana ba ta jin umarninsa, tana shiga maganarsa ta yau da kullum, ta kuma haɗa da hannu.

Likitoci sun san dalilai da dama da ke kawo haka. Akwai wata rawar jiki da ta fi yawa ga masu shekaru, wadda takan bi jinin gida, tana kama hannu idan an miƙa shi ko an ɗauki abu, wani lokaci ta kama kai da murya. Akwai cutar Parkinson, wadda rawarta ta fi fitowa idan hannu yana hutawa, tana kuma zuwa da nauyin jiki da raguwar ƙarfin murya. Yawan aikin ƙullin maƙoshi da ke sarrafa kuzarin jiki yana kawo rawar hannu, haka wasu magungunan asma, yawan cin goro da shan shayi mai kauri kuma suna ƙara ta. Daga nan ba zan iya cewa wanne ne ba, kuma bai dace kowa ya yanke hukunci ba tare da an duba shi ba, amma da yawa daga cikin waɗannan ana samun sauƙinsu da magani.

Ku kai shi babban asibitin da ke kusa da ku, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, idan akwai buƙata za su tura ku wurin likitan jijiyoyi ko na kunne da hanci da maƙogwaro a Dutse ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ku tafi da dukkan magungunan da yake sha, har da na gargajiya, ku tuna lokacin da abin ya fara da ko wani a danginsa ya taɓa yin haka, ku kuma ɗauki muryarsa a waya yana jan "aa" mai tsawo domin likita ya saurara. Idan har akwai dashewar murya da ta wuce mako uku, ko yana shaƙewa wajen haɗiyar abinci ko ruwa, kada a jira ranar kasuwa, a tafi da shi cikin makon nan.